Yadda na mayar da motar sojan Amurka tifar yashin Binuwai

Kwalin ya shekara biyu a kan durowata ban taɓa shi ba. Wani abokina da ke karatu a Faransa ne ya kawo mini shi tsaraba: ƙaramar motar sojan Amurka ta GMC, samfurin CCKW, wadda kamfanin Tamiya na Japan ke yi da roba, gunduwa-gunduwa, kai za ka harhaɗa abarka. Ma'auninta 1/35, wato kowane santimita ɗaya a jikinta santimita 35 ne a jikin ta gaske. Ita ta gasken daga 1941 zuwa 1945 aka ƙera ta, fiye da rabin miliyan, mai taya goma da inji mai silinda shida. Mota ce mai tarihi, amma ban taɓa ganin ta a titi ba. Abin da na buɗe ido ina gani a Garwa tifa ce, tana haurowa daga bakin Binuwai, ruwa na tsiyaya daga bayanta, ga Kawu a kan sitiyari.

Da ciwon baya ya zaunar da Kawu a gida, sai na ga kullum in tifa ta wuce ƙofar gida yakan bi ta da ido har ta ɓace. Abin da ya sa na sauko da kwalin ke nan.

Shasi da inji da kan motar ba su ba ni wahala ba, takardar da ke cikin kwalin na bi, dare huɗu na gama. Bencinan sojoji da sandunan tanti na mayar da su kwali. Aikin ya fara ne daga bodi.

Masu wannan sha'awa a ƙasashen waje fallen farar roba suke saye su yanka, ni kuwa na zaga kasuwa ban samu ba. Na fara da tsofaffin katunan da ake ɓalle layin waya daga jikinsu. Suna yankuwa da kyau, amma gam ɗin harhaɗa motar bai kama su ba ko kaɗan. Dalili, wannan gam ba liƙi yake yi irin na gam ɗin takarda ba, narkar da fuskar robar yake yi sassan biyu su zama ɗaya, kuma ba kowace roba yake narkarwa ba, wadda aka yi shi dominta ita ce wadda za ka ga an buga mata lamba 6 da haruffan PS. Daga ranar na riƙa juya duk robar da ta shigo hannuna ina duba gindinta. A kofin yogot na sami siririya, a gidan faifan CD na sami mai kauri. Ta gidan faifan tana da saurin tsagewa, sai ka ja reza a kan rula sau biyar ko shida a hankali, sannan ka karya a kan layin.

Mako uku na yi na tayar da bodi, na ɗauka na kai wa Kawu yana kishingiɗe a zaure. Ya juya ta a tafin hannunsa, ya daɗe bai ce komai ba.

"Ɗana, wannan ƙofar ta baya wa ya koya maka ita?"

"Kawu, yadda take a motar sojan na kwaikwaya."

"To ai ta soja mutane take saukewa. Ƙofar tifa a sama ake rataye ta. In bodi ya tashi, sai ta buɗe da kanta ta ƙasa, yashi ya bi ta ƙarƙashinta. Taka in ta buɗe, lodi zai danne ta ya tsinke."

Shekara nawa ina kallon tifa tana juye yashi, ban taɓa lura da inda ƙofar ke rataye ba. Bai tsaya nan ba. Ya ɗora ɗan yatsa a bangon bodin ya ce ya yi tsawo. Santimita uku na yi shi, wato sama da mita ɗaya a ta gaske. Ya ce yashi ba auduga ba ne. Da na koma na lissafa, gaskiyarsa ce: mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi na yashi ya haura tan ɗaya da rabi, bodin da na yi zai ci fiye da tan goma, alhali motar tan biyu da rabi aka yi ta ɗauka a daji, biyar a kan kwalta. Na rage bangon zuwa milimita 12, nan take ta fara kama da motar da za ta iya aikin.

Gyara na uku shi ne ya fi ci mini rai, don sai da na ɓalle abin da na riga na manne. Fil ɗin da bodi ke juyawa a kansa na sa shi can ciki, saitin tayoyin baya. Da na ɗaga, gindin bodin ya daki shasi tun bai kai ko'ina ba. Kawu ya ce fil a ƙarshen shasi yake zama, kuma bodi ba ya kwanciya a kan shasi kai tsaye, akwai wasu dogayen ƙarafa biyu a tsakani. Ya ce yashin Binuwai a jiƙe ake loda shi, in bodi bai miƙe sosai ba rabi zai maƙale, karen mota ya hau da shebur. Na sake, na yi fil da allurar ɗinki a cikin guntun bututun biro, har bodin ya kai digiri 50.

Jak ɗin ɗagawa kuwa eriyar tsohuwar rediyo ce ta fisshe ni. Gaɓoɓinta suna shiga cikin juna kamar na jak ɗin gaske, ga sheƙi, ga ɗan tauri da ke riƙe bodin duk inda ka tsayar da shi. Gaɓa biyu na yanka da ƙaramin zarto. Da yake ƙarfe ne, sufa gulu na sa, kuma a nan na yi asarar gilashin gaba, tururin gam ɗin ya bi shi ya yi fari fat. Da na sani da na bar gilashi sai ƙarshe. Na yanka wani daga robar kwalin kaya.

Fenti ya faɗo cikin hunturu, ƙura ko'ina. Shafin farko ya bushe da ƙura a jiki kamar samfefa. Daga baya nakan yayyafa ruwa a ɗaki bayan asuba, in shafa, in kife bokiti a kai. Rawaya na yi mata irin ta tifar Kawu. Cikin bodi na goge fentin a tsakiya inda yashi ke gurzawa, tsatsa kuwa a kusurwoyi kawai, inda ruwa ke kwana.

Lodin ma sai da na sake. Na je bakin kogi kusa da gada na ɗebo yashi na zuba, ya fito kamar tsakuwa, don ƙwaya mai milimita ɗaya dutse ne mai santimita uku da rabi a wannan ma'auni. Na tankaɗe da rariyar gari, na sake tacewa da tsohon mayafin mai ɗakina. Ban sa masa gam ba, don ina so ya zuba.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na shimfiɗa jarida a gaban Kawu na ajiye ta. Ya sa farce a ƙarƙashin bodin ya ɗaga a hankali. Ƙofar ta buɗe ta ƙasa, yashin ya sulale gaba ɗaya. Ya tattara shi da gefen hannu ya mayar, ya sake ɗagawa. Sannan ya ce in rubuta "Allah ya kiyaye hanya" a goshin rumfar da ke kan direba, da jan fenti, don haka tasa take.