Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Wutar hunturu da gashin nama a tsakar gida

A kashin makon jiya mun tsaya a shigowar hunturu. Yau sai batun wutar da ake taruwa a kai a Maradi tsakanin Disamba da Janairu, in sanyi ya sauko bayan isha'i.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce wuta ɗaya ta yi aiki biyu. Ta jin ɗumi daban, ta gashi daban. Harshen wuta na ƙona bayan nama ya bar cikin ɗanye, garwashi ne ke gasawa. Don haka a hura ta gashin tun da magariba, a ba ta kamar minti 45 har itacen ya rushe, toka ta yi masa fari-fari.

A haƙa ɗan rami zurfin taƙi ɗaya, nesa da dangar kara da rumbu da tarin harawa, aƙalla taku goma. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, sai a shimfiɗa tabarmi ta wannan gefen, hayaƙi ya bi gabansa. Itacen ƙirya ya fi kowane riƙe garwashi. In babu, geza ko sabara. Karan hatsi na kunnawa ne kawai. Tumfafiya da leda kada su kusanci wurin. Fetur kuwa, ko da na kwalba ne da ake sayarwa a ƙofar gida, a bar ta can: tururinsa ne ke kamawa, ya biyo hannun mai zubawa.

Mutum 15 nama kilo 5 ya ishe su in da burodi da albasa. Naman ɗan akuya matashi, irin jar akuyarmu ta Maradi, ya fi saurin nuna. Na tsire a feɗe shi falle-falle, a jiƙa tsinke a ruwa kada ya ƙone. Ƙuli-ƙuli gwangwani uku, a daka da citta, barkono, masoro, kanumfari da gishiri, a barbaɗe, a yayyafa man gyaɗa. A kafa tsinkunan a tukuba su kewaye wutar, sun ɗan rusuna, tazarar taƙi guda. In sun matsa, ƙuli ya yi baƙi ya yi ɗaci, kuma ba yajin da ke gyara shi. Balangu shi gishiri kaɗai yake so da farko, yaji sai an sauke.

Gashin farko na cikin gida ne da maƙwabta. A zuba a kwano yaro ya kai, tun kafin 'yan fada, wato samarin majalisar hira, su ɗora shayi, don wanda ya sha hayaƙinka ya ci namanka.

In an watse, da ruwa ake kashewa, bokiti biyu, a motsa tokar a ƙara. Garwashin da aka binne da yashi yakan kwana da rai, kuma yara ke fara fitowa da safe, ba takalmi.