Kada ka kwafi zafin tanderu daga takardar wani

Ƙannena masu shirin shiga binciken gilashi, musamman irin wanda ake tsirar da ƙananan kiristal na fuloraid a cikinsa, ku zo ku ji abin da ya cinye min watanni a farkon digirina na biyu, ba na so ya same ku wallahi.

Dabarar aikin mai sauƙin faɗa ce. Sinadarin erbiyom in ka haska shi da leza mai tsawon zangon haske nanomita 980 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), hasken da ido ba ya gani, yana iya maido maka da kore ko ja, amma a cikin gilashin silika zalla ƙarfin yakan tsiyaye ya zama zafi saboda girgizar ƙwayoyin silika tana da yawa, wajen 1100 a ma'aunin da ake amfani da shi, ita kuwa ta lantanom fuloraid wajen 350 ce kawai. To shi ne ake so erbiyom ɗin ya shige cikin kiristal na fuloraid, gangar jikin kuma ta zauna gilashi mai ƙwari. Wang da Ohwaki ne suka nuna haka a 1993 da fuloraid na dalma da kadmiyom, daga baya Dejneka na kamfanin Corning ya yi da lantanom a 1998. Sharaɗin dai kiristal ɗin su tsaya ƙanana, nanomita 10 zuwa 30 haka, tunda hasken da muke gani tsakanin 400 da 700 yake, da sun girma sai su fara watsa haske gilashin ya dushe.

Ni kuma me na yi, tunda sai an sake gasa gilashin a tanderu kiristal ɗin ke fitowa, na samu takardar bincike na ga zafin da suka gasa nasu da awannin da suka yi, na kwafa kai tsaye. Malamin da ke duba aikina ya ce in fara kai ɗan gutsure a na'urar DTA, mai auna yadda abu ke canzawa in ana ƙara masa zafi, in ga inda gilashina yake fara laushi da inda kiristal ke fara fita, na ce to, amma layin na'urar ya yi tsawo kuma ina sauri in ga koren nan da idona, sai na tsallake. Da safe na buɗe tanderu na ciro abu fari kamar kindirmo, na ɗora a kan littafina ko harafi ɗaya ban gani ta cikinsa ba. Na rage zafi na sake, wannan karon ya fito garau amma XRD, na'urar da ke gano kiristal, ta nuna babu ko ɗaya, haka nake ta lilo tsakanin biyun ina zargin tanderu.

Ashe matsalar tun daga narkawa take. Ina narka garin a kaskon falatinom sama da digiri 1400 ba murfi, kuma wata rana in bar shi minti 30 wata rana fiye da awa, ban ma rubuta ba. Fulorin da ke cikin fuloraid gudu yake yi a wannan zafin, yana haɗuwa da silika ya tashi a matsayin hayaƙi, kenan abin da na auna a sikeli daban, abin da ya rage a kasko daban, kowane zubi da irin nasa gilashin. Ta yaya zafin da wani ya samu a nasa zai yi daidai da nawa? Kuma hayaƙin nan guba ne fa, kada ku narka sai inda ake zuƙe iska, ni na yi sakaci da wannan ma kuma har yau abin yana damuna.

Na kan tuna Stookey na Corning, a 1953 tanderunsa ya wuce digiri 600 da ya nufa ya kai 900, gilashin ya fito fari, ya faɗi ƙasa bai fashe ba, daga nan wannan fanni ya samo asali. Shi farin ya yi masa rana don har tukwane aka yi da shi, mu masu son haske ya ratsa kuwa fari asara ce.

Sai kuskure na biyu, na ɗauka ƙara erbiyom zai ƙara haske, na ninka, sai koren ya ragu, don in suka cunkushe a kiristal ɗaya miƙa wa juna ƙarfin suke yi har ya ɓace. Ku fara da kaɗan, ku sa sinadarin itarbiyom ya riƙa kamo musu hasken 980 ɗin.

Da na dawo hanya na sa murfi, na tsayar da lokacin narkawa ɗaya, kowane zubi na yanki gutsure na bi layin DTA ko da zan jira sati, na gasa kaɗan sama da inda yake laushi, ina rubuta komai har minti. Samfurin da ya fara yin kyau na ɗora shi a kan littafin nan dai na karanta rubutuna tsaf ta cikinsa, muka sa tabaran kariya muka kashe fitila aka kunna leza, sai ga siririn layi kore ya ratsa tsakiyar gilashin, na kira malam a waya hannuna na rawa.