Tambayar da ta sa na ajiye takardar darasina

Na yi shekaru ina koyar da sababbin ɗalibai tantance bayanai a laburaren wata kwaleji a nan Kano, kuma darasin guda ne. In raba takarda, in karanta: wa ya rubuta, yaushe, shafin hukuma ne ko mujallar masana? In haka ne a karɓa. Na WhatsApp kuwa a yi watsi da shi. Misalina kullum ruwan gishirin 2014, lokacin Ebola, da mutane suka tashi tsakar dare suna sha suna wanka.

Ranar nan wata ɗaliba daga can baya ta ɗaga hannu. "Malam, to gwajin maganin sanƙarau na 1996 fa? Ai su ma likitoci ne da takardunsu." Maganin Trovan take nufi, wanda kamfanin Pfizer ya gwada a garin nan, a gwajin da ya haɗa yara kusan 200, 11 suka rasu. Na rasa ta cewa. Na san ƙin rigakafin shan inna na 2003 bai rasa nasaba da wannan tabo ba. Zancen cewa rigakafin na hana haihuwa ƙarya ne, amma tsoron da ya ɗauke shi yana da tushe, takardata kuma ba ta da gurbinsa.

Yanzu daga wajen kantar littattafai nake farawa. Nakan kai su layin littattafan addini in ce su karanta lambobin. A tsarin Dewey na jera littattafan laburare, wanda ya fito a Amurka a 1876, daga 220 har 280 kusan duk Kiristanci ne, Musulunci kuwa an cusa shi a 297. Sai in tambaye su: wa ya yi rabon, daga ina yake hangen duniya? Nan ajin yake farkawa. Wasu har haushi suke ji, alhali kullum suna wuce wurin.

Daga nan sai isnadi, wato sarƙar masu ruwayar hadisi. Ashe abin da nake ta fama in koyar, sun taho da shi daga Islamiyya: wa ya ruwaito, daga wa ya ji, an san shi da gaskiya, shin matanin ya saɓa wa abin da ya fi shi ƙarfi? Kowa ya fito da saƙon murya ɗaya daga wayarsa mu bi sarƙar. Yawanci a "wani likita ya ce" take yankewa. Rahoton hukuma ma haka muke masa, har mu tambayi wanda ya biya kuɗin binciken.

Inda nake shan wahala shi ne masu zarcewa. Wani yaro ya ce da ni, "To Malam, ai kowa ma maƙaryaci ne ke nan." Na ce masa malaman hadisi ba su zubar da ruwayoyi duka ba, darajoji suka ba su, sahihi da hasan da la'ifi. Ya gyaɗa kai, amma ban ga alamar ya gamsu ba, ga shi awa biyun da aka ba ni a zangon ta ƙare.