Sati na shida da Python: if ɗin gaba daban, if ɗin baya daban

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Wannan satin kacokan na ƙarar da shi a kan list comprehension, wato gina sabon jeri daga tsoho a layi ɗaya, musamman yadda ake saka sharaɗi a ciki.

Aikin da na gwada da shi na gaske ne. An ba ni lambobin wayar 'yan ƙungiyarmu ta unguwa in gyara. Wasu sun rubuta tasu da sifili a farko, wasu da +234, wasu kuma ba su rubuta komai ba. So nake duka su koma +234. Ga abin da na fara rubutawa:

gyararru = ["+234" + n[1:] for n in lambobi if n[0] == "0" else n]

Python ta ƙi, ta ce SyntaxError, wato tsarin rubutun bai yi daidai ba. Na duba, na sake dubawa, ban ga laifi ba, har aka kira sallar magariba. Sai bayan na dawo na gane cewa if biyu ne a nan, suna kawai ya haɗa su.

Wanda ke zuwa a ƙarshe, bayan for, rariya ce. Aikinsa tankaɗe: wannan ya wuce, wancan ya tsaya. Ba ya karɓar else, domin abin da rariya ta riƙe ba shi da wurin zuwa a sabon jerin. Wanda ke zuwa a farko kuwa, kafin for, ba ya zubar da kowa. Tambayarsa ita ce: wannan da ya iso, me zan ajiye a madadinsa? Shi ya sa else ta zama dole a gare shi, tunda kowane gurbi sai an cika shi da wani abu. Ko tarihinsu ma ba ɗaya ba ne. Gina jeri da rariyarsa ya shigo a Python 2.0 a shekarar 2000, shi kuwa if da else na cikin layi sai a Python 2.5, a 2006. Sanin wannan ya taimake ni ƙwarai, na daina kallonsu a matsayin abu ɗaya.

Da na gyara, sai ya zama haka:

gyararru = ["+234" + n[1:] if n[0] == "0" else n for n in lambobi if n]

Ku lura da if n ɗin ƙarshe. Da na cire shi don gwaji, nan take IndexError ta fito, saboda gurbin da babu komai ba shi da harafin farko da n[0] zai ɗauko. Da na mayar da shi, shiru. Ashe ido ne ke karanta layin daga hagu, amma Python da for take farawa, sai rariya, sannan ta dawo kan abin da ke farkon layin.

Inda na fi jin jiki shi ne bayan wannan. Rariya ta rage tsawon jerin lambobi, jerin sunaye kuma yana nan yadda yake. Na haɗa su da zip, mai ɗauko abu ɗaya daga kowane jeri ta haɗa su bi da bi, sai ga sunan wani a kan lambar wani, kuma babu ko gargaɗi, domin zip tana tsayawa ne inda gajeren jeri ya ƙare. Allah ya sa na duba kafin in tura wa shugaban ƙungiya. Maganin shi ne a haɗa tukuna sannan a tankaɗe:

[(s, n) for s, n in zip(sunaye, lambobi) if n]

Daga Python 3.10 kuma ana iya ƙara strict=True a cikin zip, ta yi ƙorafi idan tsawon bai zo ɗaya ba. Yanzu ba na barinsa.

Babu elif, wato kalmar ƙara wani sharaɗi bayan if, a wannan salon. Ana iya jera if da else a bayan juna, na kuma gwada da sharaɗi uku, amma washegari da kyar na karanta abin da na rubuta da hannuna, layin ma ya zarce haruffa 79 da PEP 8, jagorar salon rubutun Python, ta ba da shawara. A ganina, da zarar zaɓi ya wuce biyu, gara a rubuta ƙaramin aiki da def, a ba shi suna mai ma'ana kamar gyara_lamba, a kira shi a cikin layin.

Sati mai zuwa, in sha Allah, zan gwada wannan salo a kan dict, wato ma'ajiyar da ake nemo abu a cikinta da makullinsa, yadda suna zai zama makulli, lamba kuma ta zauna a gabansa.