Neman malamin takobi a Japan

Jama'a, tun da na zo Japan karatu nake neman inda zan koyi sarrafa takobi irin na mutanen da. Ashe ba kamar gidan motsa jiki ba ne, inda za ka biya kuɗi ka fara.

Kendo, wato wasan takobi na zamani, ko'ina akwai shi, har 'yan sanda suna yi, da sandar gora da sulke. Ni kuwa tsofaffin makarantu nake so, koryu, irin su Katori Shinto-ryu da aka kafa tun ƙarni na 15 a yankin Chiba. Waɗannan ba su cika talla ba. Wasu ma sai ka ɗiga jinin yatsanka a takardar rantsuwa kafin a karɓe ka.

Wani wuri da na leƙa, malamin ya cika bango da takardun shaida. Da na tambaye shi wa ya koyar da shi, sai ya shiga kame-kame. Na sa takalmina na fito.

Inda hankalina ya kwanta wani ɗakin taron unguwa ne. Dattijon da ke koyarwa a wurin ya ce in zauna gefe in yi kallo kawai. Na durƙusa kan katako har ƙafafuna suka yi tsami. Ina gani ya tsayar da wani tsohon ɗalibinsa, ya gyara masa ɗan ƙaramin yatsa a kan ƙotar takobin itace, ko murya bai ɗaga ba. Da na tambayi dattijon wa ya koyar da shi, har malamin malaminsa ya lissafo min.

Asabar zan fara, in sha Allah. An ce da goge daɓe da tsumma ake soma darasi.