Gaton da ba ya zuwa talla

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba nake fasa ƙwan farko. Ba son sammako ne da ni ba, lissafi ne ya tashe ni. Fur ɗina, wato murhun gashi na gas, tire biyu yake ɗauka, kowane zubi minti ashirin, kuma dole komai ya huce kafin ƙarfe bakwai, lokacin da gidan ke birkicewa. Wannan ba ta ga takalminta ba, wancan sai yanzu ya tuna mushe ya ce a zo da sabon kaye, auta kuwa tuni hannunsa ya kai kwanon sukari. In ban gama gashi kafin su tashi ba, to ranar sai dai haƙuri.

A unguwar Zariya nake, nan Maraɗi, da yara uku. Babbar tana CE2, wato aji huɗu na firamare, mai bi mata yana CP, aji biyu, auta bai shiga lakwal ba tukuna. Sana'ata ƙananan gato ne da ake gasawa cikin kofin takarda, wanda 'yan zamani ke ce wa kapkek. Tsofaffin layinmu ba su wahalar da harshensu, masar Nasara suke ce masa.

A 2021 na fara. Wata 'yar gwaggona da ke aure Katsina ta zo suna da su cikin kwali, na ci ɗaya na ce sai ta koya mini. Ta WhatsApp muka yi karatun, ita tana aiko murya, ni ina ɓata fulawa. Ba ni da fur a lokacin. Tukunya na samu babba, na zuba yashin Gulbi a ƙasanta, na wanke ƙananan gwangwanayen tumatir na shafe su da mai, na ɗora a kan murhun gawayi, na zuba garwashi a bisa marfi. Zubin farko ƙasa ya ƙone ƙurmus, sama kuma ɗanye sharaf. Baban yara ya tauna ɗaya, ya daɗe bai ce komai ba, daga baya ya ce, "Allah ya ba da lada." Sai da na ƙona wajen kilo uku kafin na gane cewa yashi ake fara gasawa ya yi zafi sosai, a rage wutar ƙasa, a ƙara ta sama, kuma a bar marfin nan ya huta. Duk leƙen da kika yi zafi ne ke fita, gaton ya faɗa ciki kamar kumatun tsohuwa.

Abu na farko da na saya da ribata sikeli ne, kuma har yau ban yi sayayyar da ta fi shi amfani ba. Mu da muka tashi da awon tiya da gwangwani, ido muke auna abinci da shi, amma gato ba ya jin wannan yaren. Kapkek 12 manya na cin bota giram 125, sukari 125, fulawa 125, ƙwai biyu da ƙaramin cokali ɗaya na bekin foda. A buga bota da sukari har su yi fari, a sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan fulawa, kuma nan ne ake sassauta hannu: in kika tuƙa ta kamar tuwo, zai fito da tauri. Kofin ba a cika shi, kashi biyu cikin uku ya isa. Zafin fur digiri 180. In lokaci ya yi sai in soka tsinken tsintsiya mai tsabta, in ya fito ba ƙullu a jikinsa an gama. Da damina, lokacin da ƙwan zabi ke cika gari, uku nake sawa a madadin biyu na kaji. Ɓawonsa sai da ƙarfi yake fasuwa, amma gaton ya fi kyan launi.

Masu koyarwa a bidiyo ba su san Maraɗi ba. Kirim ɗin nan mai tudu da ake murɗawa a kai bota ce da garin sukari, bota kuwa ba ta jure zafin da ya wuce digiri talatin da 'yan kai. Mu nan a watan huɗu da na biyar zafi na haura 40. Shekarata ta farko wata mata ta ba ni aikin guda 60 na walimar saukar ɗanta, a Ali Ɗan Tsoho. Na kwana ina yi musu ado, ruwan hoda da fari. Ƙarfe biyu na rana na ɗora wa ɗan kabu-kabu kwalaye. Abin da ya isa gidan, in ji matar, ya fi kama da koko. Na mayar mata da rabin kuɗinta, na shiga ɗaki na yi kukana. Tun daga nan mai kirim ba ya fita gidana sai da sanyin safiya ko bayan magariba, kuma in bazara ta kankama ina gaya wa mai saye gaskiya, ta haƙura da kirim. Sai na koma kan abin da ƙasarmu ke da shi: soyayyen riɗi a kai, dakakkiyar gyaɗa, yankakken dabino a ciki. Aya kuwa, wadda jiharmu ta yi suna wajen nomanta, nakan jiƙa ta in markaɗa in tace, in zuba kaɗan cikin ƙullu. Wannan na aya shi ne yanzu ake nemana da shi.

Kasuwata biyu ce. Akwai ta hoto, manya masu ado da nake sawa a WhatsApp, dala hamsin ɗaya, wato faran 250, na biki da suna da kayan buɗa-baki. Ita ke kawo suna, amma takan yi sati biyu shiru. Wadda ke riƙe da gidan ita ce ta ƙanana marasa kirim, dala goma-goma, waɗanda yara ke saye lokacin rekire, ɗan hutun safe na lakwal. Wata dattijuwa mai tebur a ƙofar wata lakwal tana karɓar 60 kullum, masu kanti biyu suna karɓar talatin-talatin. A kowane ɗaya dala biyu tasu ce.

Wannan dala biyun ita ce tsakanina da Hajiya, uwar mijina.

A ganinta asara ce tsagwaronta. "Ke ɗiyar nan," in ji ta, "kina da yarinya ta isa ɗaukar tire, ki riƙa raba riba da bare? Ki ɗora mata kafin lakwal, ki ɗora mata da marece. Mu da haka muka yi wa ɗiyanmu kayan ɗaki." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ce, "To Hajiya, Allah ya ƙara girma, za a duba." An yi shekaru ana dubawa.

Ba gardama nake da ita a kan lissafi ba, lissafinta daidai ne. Abin da ban taɓa iya gaya mata ba shi ne ni tire ya rene ni. Tun ina shekara bakwai nake yawon ƙuli-ƙulin Innarmu, daga tasha zuwa babbar kasuwa, Litinin da Juma'a kuwa sai dare. Ba na zagin talla, don ita ta koya mini ƙidaya, har yau babu mai cuta ta a canji, kuma Inna ba ta da wata hanya, mu shida ne a gabanta. Amma na san barcin da ke ɗaukar yarinya a kan benci ƙarfe goma na safe. Na san maganganun da manyan maza ke yi wa mai talla, waɗanda ba ta iya maimaitawa a gida. A CM1, aji biyar, karatuna ya tsaya. Ba wanda ya cire ni, zuwa ne ya yi ta raguwa har ya ƙare.

Lokacin da na kusa sakin wannan magana shi ne 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga watan bakwai aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, Maraɗi kuwa ta layin Katsina take sha. Firigona ya koma kabad. Kofunan takarda da kwalaye da kalar kirim, duk daga Katsina da Kano ake kawo mini su ta Jibiya da Ɗan Isa, sai suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Na sake fito da gwangwanayen tumatir. Kaya sun yi tsada, masu biki sun rage hidima, ga bakans, babu 'yan rekire. Hajiya ta zo da hujjar da ba ni da amsarta: "Yanzu fa ba lakwal. Me za ta rasa?" Wata safiya har na jera guda ashirin a tire, na naɗa gammo da hannuna. Yarinyar ta tsaya a gabana tana murna, ita a ganinta wasa ne. Na dubi wuyanta, siriri kamar na zabuwa. Na ce ta je ta wanke ƙafa, na sa hijabi na ɗauki kayan na bi gidajen maƙwabta da kaina. Haka na yi ta yi har watan goma aka koma aji. Iyakar ba ta buɗe ba sai a watan uku na 2024, kuma har zuwa lokacin uwar kuɗin ta rame, sai da adashi ya tashe ta.

Kada a ɗauka yaran nan sangartattu ne, suna aiki. Da sun dawo daga Islamiyya, babbar ke jera kofuna a tire, mai bi mata ya ƙirga kwalaye. A tebur ɗaya ake aikin gida da awon fulawa, shi ya sa kayensu ba ya rabuwa da tabon mai, har madam ta aiko mini da saƙo a kai. Tiren nan ne ya koya wa babbar sau: layi uku, rami huɗu-huɗu, goma sha biyu. Amma ni ce kuma na rikita ta a lissafin kuɗi. A gida dala muke ƙirgawa, a aji faran ake rubutawa, dala ɗaya kuwa faran biyar ce. Aka zana musu kuɗin ɗari a jarrabawa aka ce nawa ne, ta rubuta 20, don ita dala ashirin ta sani. Aka ja mata jan biro. Ta dawo tana rantsuwa ita ce da gaskiya, kuma a kasuwar Maraɗi da gaskiyarta. Mun yi sati muna zube silalla a tabarma, ina faɗin na gida tana faɗin na lakwal, har ya zauna. Ni ma na ƙaru, don yanzu littafin bashina da faran nake rubuta shi.

Akwai ranakun da abin ba ya tafiya. Auta ya kwana da zazzaɓi, ga aikin guda ɗari na safe, ina buga bota da shi goye a baya. An taɓa kiran iyaye taro a lakwal na manta sam, ina can ina jiran mai kawo gas. Na taɓa daka wa babbar tsawa don ta zubar da ƙwai huɗu, ta yi shiru kwana biyu ba ta kusantar tebur, sai da na ba ta haƙuri. Innarmu da ta ji ta ce duniya ta zo ƙarshe, uwa na roƙon ɗiya gafara.

Su ma suna da haƙƙinsu. Baban yara 'yan duwan, wato kwastam, yake ce musu, wai kaya ba ya fita ƙofa sai sun karɓi nasu. Dokar ita ce ɗaya-ɗaya kullum, daga cikin waɗanda suka karkace ko suka tsage, a sa a jaka a ci da rekire. Na yi haka ne don kada su riƙa tsakura a ɓoye, tunda yaron da ake gashi a gidansu ba ya ƙoshi da kallo, don kuma haƙoransu.

Satin da ya wuce dattijuwar nan mai tebur ta tare ni tana dariya, ta ce, "Maman yara, kin buɗe mini kishiya a cikin lakwal." Ban gane ba. Ashe ɗan CP ɗin nan ya fi wata guda bai ci nasa ba. Yana shiga aji yake sayar da shi, dala takwas, ya karya mata farashi, ya sayi ƙanƙarar lamurje da kuɗin. Har bashi yake bayarwa, akwai yara biyu da yake bi.

Da dare na zaunar da shi. Na ce, "Wa ya aike ka talla?" Ya ce shi ba talla yake ba, ai ba tire a kansa. Na ce to daga gobe a gabana zai cinye kafin ya fita. Ya yi shiru yana wasa da yatsun ƙafa, can ya ɗago ya ce, "Mama, to bashin da nake bi fa?"

Hajiya tana kan tabarma tana jan carbi, ba ta ko dube ni ba. Kafaɗunta kawai na ga suna rawa.