Wasiƙa daga Manchester: kuɗin da ke yawo a hannunmu

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa lafiya. Tambayoyinku sun taru min a WhatsApp, maganar biza, kuɗin haya, sanyi, da wai shin gaskiya ne a Ingila ba a taɓa kuɗi da hannu. Duk zan amsa amma bari na fara da ta ƙarshen don ita ke ci min rai.

Kusan haka ne. Bas, shago, har mai sayar da kofi a bakin titi kati kake ɗorawa ko waya an cire shikenan. Kuɗin ma na leda ne, fam 5 tun 2016, fam 50 ta fito a 2021, gumi baya ratsa su. Mu ma ai muna da na leda, naira 20 tun 2007, sai 5 da 10 da 50 a 2009, amma wa ke ciniki da su yanzu? 200 da 500 da 1000 ake juyawa, su kuwa takardar auduga ce, tana shan gumi da maiƙo, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama na kwanaki. A 2014 masu bincike a Jami'ar New York sun duba takardun dala ɗaya suka tarar da nau'in bakteriya kusan 3,000, to wannan fa dala ce, ina ga ɗari biyun da ta yi baƙi ta yi laushi har tana wari.

Ku duba tafiyarta dan Allah, mahauci ya karɓa da jini a hannu ya cusa a aljihu, ya bawa wata canji ta ƙulle a haɓar zani, ta miƙa wa mai ƙosai, ita kuma da hannun nan zata ɗebo miki ƙosan, kwandasta ya riƙe a baki yana neman canji, mu kuma mu lashi yatsa muna ƙirgawa. Ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Salmonella masu kawo gudawa da taifot daga hannu suke shiga baki, wallahi idan na tuna yaranmu hankalina tashi yake.

A nan wajen da nake sayen abinci, cokali suke sawa su ɗebo, ba hannu ba. Wannan ai baya buƙatar kuɗi ko gwamnati. Mai suya ya bar yaronsa ya riƙa karɓar kuɗin, a wanke hannu da sabulu kafin a ci, kuma iyaye mata a daina bawa jariri kuɗi yana tsotsa.

Sanyi kam yana nan, a Disamba ƙarfe 4 na yamma duhu yayi. Biza da haya sai wasiƙa ta gaba in sha Allah, a gaida kowa da kowa.

Ɗan uwanku a Manchester